Tururi Ɗan Amshi Ne: Inda Masana Yanayi Suka Tabbata da Inda Suke Lalube

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Janairu ya san sanyin hunturu ba labari ba ne. Da rana sai ta take, har ka tuɓe rigar sanyi ka rataya a kafaɗa. Da an idar da sallar isha'i kuwa, sai ƙasa ta saki duk zafin da ta wuni tana tarawa, kafin asuba ruwan buta ya zama abin da ake shakkar taɓawa. Ka gangara Abuja a ƙarshen Afrilu, lokacin da hadari ke haɗuwa yana watsewa, ka ga akasi: rana ta faɗi tuntuni amma zafi ya ƙi tafiya, mutum na ta juyi a kan katifa sharkaf da gumi har ƙarfe biyun dare. Tsayin tudun Jos, mita 1,200 da 'yan kai sama da teku, yana da nasa hannu a wannan bambanci, ba shakka. Sai dai akwai wani abin da ido ba ya gani. Iskar hunturu a bushe take ƙayau, ta Afrilu kuma ɗauke take da danshi, kuma tururin ruwan nan da ke cikin iska shi ne bargon da ke hana zafin ƙasa tserewa sama da dare.

Abin da ya sa na ɗauko zancen daga nan, wata gardama ce da aka yi a gabana a teburin mai shayi, can wajen Taminus. Ana hirar yadda sanyin Jos ya rage kaifi, sai wani matashi mai karatun injiniya ya ajiye kofi ya dube ni. "Malam, masanan yanayi da bakinsu sun ce tururin ruwa ya fi kowace iska riƙe zafi. To me ya kawo maganar hayaƙin mota da na janareto? So suke kawai su hana mu cin moriyar man da Allah Ya ba mu, bayan sun gama gina ƙasashensu da shi." Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce biri ya yi kama da mutum.

Ban raina maganar yaron ba, domin da gaskiya ya fara. Da a ce babu iskokin da ke riƙe zafi a sararin samaniya, da matsakaicin yanayin duniya ya tsaya a wajen digiri 18 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyas, maimakon kimanin digiri 15 da muke rayuwa a ciki. A cikin wannan ɗumi da ya sa duniya ta zauna, lissafin da masanan NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, suka fitar a 2010 ya ba tururin ruwa kusan rabi, gizagizai kusan kashi 25 cikin ɗari, iskar kabon dayoksaid kuma, wadda ƙona mai da kwal ke fitarwa, wajen kashi 20. Masu cewa tururi ke da kashi 95 sun zuba gishiri ne, amma batun cewa shi ne babba, babu masanin da ke musa shi.

Hasali ma tun ranar farko aka san haka. A 1856 wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta jera kwalabe a rana, ta ga mai iska da danshi ta fi mai busasshiyar iska ɗaukar zafi, mai iskar kabon kuma ta fi su duka. Bayan shekara uku John Tyndall ya auna abin dalla-dalla a Landan, kuma shi ne ya kwatanta tururi da bargo, ya ce tsirran Ingila sun fi buƙatarsa fiye da yadda mutum ke buƙatar sutura. A 1896 Svante Arrhenius na ƙasar Suwidin ya zauna da alƙalami da takarda ya lissafa cewa in iskar kabon ta ninka, duniya za ta ƙara ɗumi da digiri 5 zuwa 6.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, hujjar da matashin nan ya kawo ta taɓa yin nasara. A 1900 wani ɗan ƙasarsu Arrhenius, Knut Angstrom, ya ce lissafin bai tsaya ba: zafin da iskar kabon za ta tare, tururi ya riga ya tare shi, ƙarin kabon kamar ƙara ruwa ne a tulun da ya cika. Kusan shekara hamsin akasarin masana suka bi wannan ra'ayi, aka jingine maganar. Sai a shekarun 1950, da aka samu kwamfuta da ingantattun na'urorin awo, mutane irin su Gilbert Plass suka gano inda aka yi tuntuɓe. Tururi a ƙasa-ƙasa yake taruwa. Can sama, inda iska ta yi sanyi ta bushe, inda kuma daga nan ne zafin duniya ke ficewa, tururi kaɗan ne, iskar kabon kuwa tana nan a gauraye kamar yadda take a ƙasa. Ƙofar fitar zafi a sama take, kuma a bakin wannan ƙofa kabon na da ta cewa.

Ga kuma babban dalilin da ya sa girman tururi bai ba shi jagoranci ba. Iska ba ta iya riƙe tururi fiye da abin da ɗuminta ya ba ta dama. Duk mai girki ta san wannan: tururi ya tashi daga tukunya, ya taɓa murfi mai sanyi, ya koma ruwa ya ɗigo. A sararin sama ma haka ne, rarar takan zama raɓa, ko girgije, ko ruwan sama. Ɗigon da ya tashi daga teku ko daga madatsar Lamingo yakan yi kimanin kwana tara zuwa goma ne a sama kafin ya dawo. Ko da za a tafasa koguna a tura sama, cikin mako biyu iska za ta zubar da abin da ya fi ƙarfinta. Iskar kabon ba ta zama ruwa ta sauko. Wani kaso na wadda aka ƙona kwal aka saki tun zamanin da jirgin ƙasa ke jigilar kuza daga Bukuru yana nan a sama har yanzu, kuma zai ɗauki ɗaruruwan shekaru. Kafin zamanin masana'antu, kabon kashi 280 ne cikin miliyan na iska. Da Charles Keeling ya fara aunawa a kan dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958, ya tarar da kimanin 315. Yau an haura 420.

To idan kabon ya ɗan ɗumama iska, sai iskar ta samu ƙarfin ɗaukar ƙarin tururi, kimanin kashi 7 cikin ɗari a kan kowane digiri ɗaya. Ƙarin tururin ya ƙara ɗumi, ƙarin ɗumin ya sake jawo tururi. A fagen waƙa 'yan amshi sun fi mawaƙi yawa, muryarsu ta fi cika fili, amma ba su ke ɗauko baiti ba; in ya ɗaga murya su ɗaga, in ya yi shiru su yi tsit. Matsayin tururi ke nan. Syukuro Manabe da Richard Wetherald ne suka fara auna ƙarfin wannan amshi da kyau a 1967: in kabon ya ninka aka hana tururi motsi, ɗumin bai wuce digiri 1.3 ba, in aka bar shi ya bi ɗumin iska kuwa sai ya kai kusan 2.4. Wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba Manabe kyautar Nobel a 2021.

Wani zai ce ai duk lissafin kwamfuta ne. To duniya da kanta ta yi gwajin. A watan Yunin 1991 dutsen Pinatubo na ƙasar Filifin ya yi aman wuta, ya watsa hayaƙin farar wuta a sama, ya kare hasken rana, duniya ta yi sanyi da wajen rabin digiri a shekarar da ta biyo baya. Taurarin ɗan'adam suka nuna tururin da ke sama ya ragu tare da sanyin, daidai da yadda lissafi ya yi hasashe. Mawaƙi ya sassauta murya, amshi ya bi. A kan wannan gaɓa, gardama ta ƙare a tsakanin masana.

Ba a nan gizo ke saƙa ba. A girgije yake saƙa.

Girgije ma ruwa ne, amma fuska biyu gare shi, kuma mutumin Jos ya san su duka. Ranar Agusta da baƙin girgije ya sauko ya lulluɓe duwatsun Shere, gari yakan wuni da sanyi domin hasken rana bai iso ƙasa ba. Daren da sama ta rufe kuma ba ya kai daren da taurari suka fito tar sanyi, domin girgijen ya tare zafin da ke son fita. Masu kauri na ƙasa-ƙasa sun fi sanyaya duniya, siraran da ke can ƙololuwa kamar an ja auduga sun fi ɗumama ta. A jimlace, yau gizagizai sanyaya duniya suke yi. Tambayar da ta hana masana barci ita ce: in duniya ta ƙara ɗumi, wane iri ne zai ƙaru, wane ne zai ragu? Ƙaramin sauyi a shimfiɗar farin girgijen da ke kan tekuna ya isa ya juya lissafi gaba ɗaya. Matsalar kuma ita ce kwamfutocin da ke kwaikwayon yanayi suna yanka duniya gida-gida ne, kowane gida faɗinsa wajen kilomita ɗari, alhali hadarin da zai jiƙe Farin Gada ya bar Rayfield a bushe bai kai ko kusa da haka ba. Dole sai an yi masa kintace, kuma kowace cibiya da irin nata kintacen.

Akwai masanan gaske da suka jingina fatansu a nan. Richard Lindzen na jami'ar MIT ta Amurka ya kawo ra'ayi a 2001 cewa in tekun yankuna masu zafi ya ɗumama, siraran gizagizan sama za su janye, zafi ya samu hanyar fita, duniya ta daidaita kanta. Ra'ayi ne mai ma'ana, kuma ba a yi watsi da shi ba sai da aka gwada shi da bayanan taurarin ɗan'adam, aka ga bai da ƙarfin da ya ɗora masa. Rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, na 2021 ya karkata ga cewa gizagizai ƙara wa ɗumin ƙarfi za su yi, amma ya amsa cewa har yanzu su ne mafi girman abin da ba a gama sani ba.

Ana ganin girman wannan rashin tabbas a lamba guda: in kabon ya ninka, digiri nawa? Kwamitin da Jule Charney ya jagoranta a Amurka a 1979 ya ce tsakanin 1.5 da 4.5. Shekara fiye da talatin bayan haka, rahoton IPCC na 2013 ya maimaita waɗannan lambobi biyu. Mai son zolaya zai ce an kashe biliyoyi an dawo inda aka tashi, kuma ni ma na taɓa jin haushin haka. A 2021 ne tazarar ta tsuke zuwa 2.5 da 4, aka fi zaton 3. Ka lura da ɓangaren da aka fi yankewa. Daga sama an rage rabin digiri, daga ƙasa an cire digiri ɗaya cur. Wato ƙarin ilimin da aka samu, wurin da ake fatan samun sauƙi ya fi rufewa.

Abu na biyu da ke ruɗa lissafi shi ne ƙura da hayaƙi. Ba duk abin da ke fita daga bututun masana'anta ke ɗumama duniya ba. Ƙwayoyin farar wuta suna mayar da hasken rana, suna kuma sa girgije ya ƙara fari. Sun ɓoye wani ɓangare na ɗumin da kabon ya jawo, amma nawa? Rahoton 2021 ya ce tsakanin sifili da digiri 0.8, tazarar da raƙumi zai wuce ta ciki. Ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi tana cikin irin wannan lissafi mai wuya, don tana kare rana, tana kuma riƙe zafi.

Shekarar 2023 ta tona wannan rauni. Zafi ya yi tsallen da ya wuce abin da akasarin masana suka zata, 2024 kuma ta zarce ta, Hukumar Yanayi ta Duniya ta ce ta kai kimanin digiri 1.55 sama da zamanin kafin masana'antu. Aka shiga neman dalili. El Nino, wato ɗumamar ruwan tekun Fasifik da ke zuwa lokaci-lokaci, ta ba da nata. Wasu suka nuna dokar 2020 da ta rage farar wutar da ke cikin man jiragen ruwa daga kashi 3.5 zuwa 0.5 cikin ɗari: an tsabtace iska, an kuma yaye wata inuwa. Wasu suka nuna dutsen ƙarƙashin teku da ya fashe a Tonga ranar 15 ga Janairun 2022, wanda ya harba kusan tan miliyan 150 na ruwa zuwa can saman da ruwan sama ba ya wanke shi, ya ƙara tururin wurin da kimanin kashi 10 cikin ɗari. Ga wuri guda da tururi ya so ya zama mawaƙi da kansa, amma binciken da ya biyo baya ya nuna tasirinsa ƙarami ne. A ƙarshen 2024 kuma wasu masana a Jamus suka nuna cewa ƙananan gizagizai sun ragu ƙwarai a 2023. Ko wannan na wucin gadi ne, ko kuwa sauyin gizagizan da ake tsoro ne ya fara bayyana, har yanzu ana ja-in-ja.

Amma mu a nan, ba matsakaicin zafin duniya muke shukawa ba. Manomin dankalin Turawa a Bokkos ko Mangu, abin da ya dame shi yaushe damina za ta kankama, ko za ta yanke a tsakiya, ko dare zai ci gaba da yin sanyin da dankali ke buƙata ya yi 'ya'ya, ko danshi zai yi yawa cutar da ke ƙona ganye ta cinye gona. A nan kuma ilimin ya fi rauni fiye da ko'ina. Yankin Sahel na cikin wuraren da kwamfutocin yanayi suka fi saɓa wa juna a duniya: wasu na hango ƙarin ruwa, wasu fari, da yawa kuma na cewa tsakiya da gabas za su jiƙe, yammaci wajen Senegal ya bushe.

Mun ma taɓa ɗanɗana kuɗar kuskuren masana. Bayan farin 1973, Charney ɗin nan da muka ambata ya kawo bayani a 1975 cewa ƙarewar ciyawa da itatuwa ce ke sa ƙasa ta yi fari, ta mayar da hasken rana, ruwa ya ƙi sauka. Aka ɗauki wannan aka yi ta ɗora wa talakan Sahel laifin farin da ya kashe masa dukiya, wai kiwonsa da gatarinsa ne. Daga baya, musamman aikin Alessandra Giannini da abokanta a 2003, aka gano cewa yanayin ɗumin tekuna ne ya fi juya daminarmu. Bincike da dama kuma ya nuna hayaƙin farar wuta na masana'antun Turai da Amurka ya sanyaya arewacin Atlantika a wancan zamani, ya taimaka wajen tura ruwan sama kudu. Farin da ya kore mutane daga gidajensu a 1973 da 1984, da hannun bututun da ba su taɓa gani ba a ciki. Don haka wanda ya ce kada a haɗiye duk abin da masana suka faɗa ba tare da tauna ba, yana da tarihi a bayansa.

Sai dai a cikin duhun nan akwai abu ɗaya da ya fito fili, kuma daga tururin nan ne ya fito. Iska mai ɗumi ta fi ɗaukar ruwa, ranar da za ta sauke kuma da yawa take saukewa. Wani bincike na 2017 da ya bi hotunan taurarin ɗan'adam tun daga 1982 ya tarar manyan hadarurruka masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku. Jimillar ruwan shekara na iya ƙaruwa ko ta ragu, amma zubarsa a dare ɗaya ta fi tsanani. Mutanen unguwannin Rikkos da Gangare a Jos ba sa buƙatar a ba su labarin abin da ruwan dare ɗaya ya yi a Yulin 2012, haka na Maiduguri a Satumbar 2024, da na Mokwa a Mayun 2025. Ba a cewa sauyin yanayi kaɗai ne ya jawo kowannensu, don gini a kan hanyar ruwa da toshewar magudanai da tsufan madatsu duk suna ciki. Amma kwalbatin da aka auna da ruwan shekarun 1970, ruwan yau ba lallai ya tsaya a cikinta ba.

Saura rabin maganar matashin nan, na cewa ana so a hana mu abin da wasu suka ci suka ƙoshi. Wannan ƙorafi yana da tushe. Afirka gaba ɗayanta ba ta kai kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da duniya ke fitarwa ba. Amma ƙorafi ne na adalci, wurinsa teburin ciniki, kuma bai kamata a ɗora shi a kan kimiyyar da aka warware tun shekarun 1950 ba. A taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a Sharm el-Sheikh ta Masar a 2022, ƙasashe masu tasowa suka matsa har aka amince da asusun biyan asara da ɓarna. Duk hujjarsu ta tsaya ne a kan cewa kabon ɗin masu arziki ne ya jawo. Wanda ya ce tururi ne ba kabon ba, ya wanke wanda ya kai ƙara da hannunsa.

Wani ɓangare na jahilcin daminarmu kuma ba sai an jira manyan kwamfutocin Turai ba. Kwamfuta ba ta koyon halin ruwan wurin da ba a auna ba, kuma Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa tashoshin awon Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Hukumar NiMet da ke Abuja na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, amma tudu irin namu, inda ruwa ke bambanta daga wannan kwari zuwa wancan, yana buƙatar ido a kowace gunduma. A firamaren da na yi akwai wani farin akwati mai ƙafafu a bayan ofishin hedimasta, da mazurarin awon ruwa a gefensa. Kowace safiya ɗan aji shida ke zuwa ya karanta, ya rubuta a wani dogon littafi mai baƙin bango. Na leƙa makarantar a hutun bara. Ƙafafun akwatin na nan, an ɗaura musu igiyar shanya, littafin kuma babu wanda ya san inda ya shiga.